Ƙasa daga Makwancin Gana

Ikko, bakin teku, watan Takutaha, 1302

Daga Kashim ɗan Umara zuwa ga taubashiyata Bintu a Zakirai. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Nababa da yara. Ki durƙusa ki gaishe mini da mahaifiyarki, Gwaggo Falta. Ni jikina ƙalau yake. Abin da ke ƙasa ki fara karanta shi ke kaɗai, sannan ki san yadda za ki gaya mata.

Bintu, Allah Ya karɓi abinSa. Ƙaninki Gana ya rasu.

Kin san da niyyar fataucin goro muka bar gida ni da shi. Jakunanmu suka mutu a Ilori ɗaya bayan ɗaya, kunyar komawa hannu rabbana ta tura mu gaba har Ikko. A nan muka sami aiki a wani jirgin hayaƙi na Nasara. Da lokacin dariya ne da kin yi mini ita, don aikin jan guga ne, abin da na gudo wa a gida. Suna so su shimfiɗa wata igiya a ƙarƙashin teku, wai magana za ta riƙa bi ta cikinta daga gari zuwa gari, to dole su fara sanin yadda ƙasan yake. Sai a ɗaura dalma a igiya, a liƙa mata kitse a gindi, a jefa a ruwa. In ta taɓa ƙasa mu jawo, a ƙirga gaba nawa ta ci, kamar yadda Nababa yake ƙirga zurfin rijiya in ya haƙa. Sannan a duba abin da ya manne a kitsen, yashi ne ko laka. Akwai wani Banasare da muke kira Sarkin Awo, shi yake sa komai a taswira.

Muna can tsakiyar ruwa, inda ba a ganin tudu ko ta ina, zazzaɓi ya kama Gana. Bai daɗe yana jinya ba. Da bakinsa ya yi shahada, kafin nan kuma maganarsa duk a kan Gwaggo ce da gonarsa ta bakin kuka. Ni na yi masa wanka da hannuna. Akwai Musulmi biyu a jirgin, wani Banufe da wani Bayarabe, tare muka yi masa sutura da sabon alawayyo, muka sallace shi bayan azahar. Muka ɗaura masa dalma a ƙafa, muka fuskantar da shi alƙibla, muka sake shi cikin ruwa. Da muka dawo na tambayi malaman Ikko, suka ce abin da shari'a ta ce ke nan ga wanda ajali ya riska nesa da tudu.

Ki ce wa Gwaggo kada ta damu da makwancinsa. Ba kurar da za ta tone shi, ba ruwan damina da zai zaizaye shi. Wurin da muka sa shi, da safiyar ranar mun saki igiyarmu duka har ƙarshenta, dalma ba ta taɓa komai ba. Ba abin da zai kai gare shi sai rahamar Allah.

Na yi kuka har na gaji, Bintu. Tare muka fito, ban san da wane ido zan shigo Zakirai ni kaɗai ba. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri. Wassalam.

Zakirai, watan Sha'aban, 1302

Daga Bintu zuwa ga Kashim. Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya kamar yadda ka yi mana. Yara lafiya, maigidana lafiya, ruwa ya sauka an fara shuka. Inna ce ba lafiya, kuma kai ne sanadi.

Ranar da takardarka ta iso ina Gabasawa wajen suna. Inna ta ƙagu, ta aika aka kira Malam Iliyasu limamin unguwa, shi kuwa ya karanta mata tun daga bisimilla har wassalam bai tsallake wasali ɗaya ba. Labarin rasuwar ta ɗauke shi kamar yadda Musulma take ɗauka. Ta yi salati, ta yi kuka, ta ce Allah Ya fi ta son autanta. Sai da aka zo wurin igiyarka da dalmarka ta ce a maimaita mata. Aka maimaita. Ta ce, “Wato har yanzu bai sauka ba?”

Kashim, garin gyaran gira ka tsone ido. Wa ya aike ka? Ka san tun muna yara ake cewa teku ba ta da ƙasa, ga tsoho Dabo maƙwabcinmu da yake rantsuwa wani mahajjaci ya tabbatar masa. Sai kuma kai da ka je ka gani ka rubuto da hannunka cewa kun nemi ƙasa ba ku samu ba. Yanzu a wurin Inna ɗanta yana can yana ta gangarawa cikin duhu, jiya da yau da gobe, ba inda zai sa haƙarƙarinsa.

Kullum bayan sallar asuba sai ta ɗauki tsakuwa ta je bakin rijiyar gidanmu ta saka, ta karkata kunne har ta ji ta faɗa. Sai ta dawo ta zauna. Tuwo loma biyu take yi ta ture. Ta hana a yi sadakar arba'in, ta ce ba a yi wa wanda ke kan hanya. Ta hana a taɓa gonarsa ta bakin kuka. Ga gonakin mutane kewaye da ita gero ya fito kore shar, tasa kuwa tana tsakiya ba komai sai ciyawa, kowa ya wuce sai ya kalla. Malam Iliyasu ya zo ya karanta mata littafi, ya ce sallarku ta yi, binnewarku ta yi. Ta ce, “Malam, Allah Ya ce daga ƙasa Ya halicce mu, cikinta zai mayar da mu. To nawa ina tasa ƙasar?” Malam ya yi bayani mai kyau, ta saurara da ladabi, washegari ta koma bakin rijiya.

Ni ma na gwada. Na ce mata, “Inna, komai nisan jifa ai ƙasa zai faɗo.” Ta dube ni ta ce, “In akwai ƙasar.”

Ina jin haushinka, kuma ina jin tausayinka, don na san da kyakkyawar niyya ka rubuta. Amma kai ka jefa maganar nan, kai za ka jawo ta. Kada ka rubuto mini ƙarya don ka kwantar mata da hankali, ka san Gwaggonka, tana jin warin ƙarya tun daga zaure. In akwai ƙasa a ƙarƙashin ruwan nan ka nemo ta. In babu, to ka yi shiru, mu ci gaba da addu'a. Wuyan hannunta ya zama kamar na yarinya.

Allah Ya tsare ka a kan ruwan da ka zaɓa. Wassalam.

Zakirai, watan Jimada na ƙarshe, 1303

Daga Bintu zuwa ga taubashina mai jan gugan Nasara. Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Ni ina da juna biyu, ka taya ni addu'a. Inna tana nan da ranta, amma kullum ƙara raguwa take yi.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, ba mu ji ɗuriyarka ba, har na fara cewa ko maganata ce ta yi maka zafi. Sai makon jiya ga Sama'ilu mai goro da saƙo. Ya ce ba daga hannunka ya karɓa ba, wani ne ya ba shi a Bida, kuma kayan wancan sun sha ruwa wajen ƙetare Kwara. Saƙon wata 'yar jakar fata ce a ɗinke, da takarda a naɗe. Ka san tawadarmu ta baƙin tukunya da ƙaro, don a wanke a sha aka yi ta, ba don ta yi iyo ba. Takardar ta zo a dame. Abin da na iya karantawa bisimilla ce a sama, sai can tsakiya “a ba Gwaggo”.

Muka farke jakar. Wani abu ne a ciki kamar farar ƙasa, ya ɗan yi toka-toka, ya daskare. Maigidana ya murza a yatsa, ya shinshina, ya ɗanɗana, ya ce duk rijiyoyin da ya haƙa daga nan har Ringim bai taɓa cin karo da irinsa ba, ga laushi ga gishiri. Tsoho Dabo ya ce ai ba sai an tambaya ba, magani ne na mutanen bakin teku, ka ji Inna ba lafiya ka aiko. Kowa ya ce haka ne. Malam Iliyasu ya ce tunda akwai sunan Allah a takardar, a ƙarasa wanke ta ba laifi. Muka wanke a ƙoƙo, muka gutsura abin muka jiƙa a ciki, aka ba Inna safiya uku a jere. Ta sha don daga hannunka ya fito. Ta ce ɗanɗanon hawaye gare shi.

Ban ga ya yi mata wani aiki ba. Tana nan da tsakuwarta da rijiyarta, ga wata daminar tana tahowa, ta ce bana ma ba mai sa fartanya a gonar. Ka san kuma mai ciki da kwaɗayin farar ƙasa. In na wuce inda jakar take sai na ɗan gutsura. Kada ka yi mini tsiya, ɗan da ke cikin ne yake so. Abin da ya rage bai fi cikin ɓawon gyaɗa ba.

Ka rubuto yadda ake shan sa, in da hali ka ƙaro. Kuma har yau ba ka ba ni amsar abin da na tambaye ka ba. Wassalam.

Ikko, watan Ƙaramar Sallah, 1303

Daga Kashim zuwa ga Bintu, hadama uwar kwaɗayi. Barka da sallah, Allah Ya raba lafiya. Ki gaishe da Nababa. Ki gaishe da Gwaggo, kuma wannan karon ina so a karanta mata duka, a tsakar gida, da ƙarfi, a kira Baba Dabo ya zauna kusa. Da tawadar Nasara na rubuta, wadda ruwa ba ya wankewa, na naɗe a fata.

Kafin komai, ki ɗauke hannunki daga jakar nan. Ba magani ba ne. Amsar tambayarki ce kuka jiƙa kuka sha. Da na karanta takardarki na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma dariyar ta koma kuka. Rashin sani ya fi dare duhu, amma laifina ne da na dogara da tawada, ban haɗa da saƙon baki ba.

Gwaggo, teku tana da ƙasa. Na taɓa ta da hannuna, ke ma kin taɓa.

Ga yadda aka yi. Igiyar da muka saki ranar rasuwar Gana ta awon kusa da tudu ce, gajera ce, ni ne ban sani ba. Daga baya aka kawo wani inji mai zaren ƙarfe siriri kamar tsirkiyar goge, a naɗe a jikin wata babbar ganga mai juyawa, tsawonsa ya isa ya kai daga Zakirai zuwa Gabasawa. A bakinsa akwai ƙarfe mai nauyi da ɗan bututu, in ya soki ƙasa sai ya cika da abin da ya tarar. Da shi muka yi wata da watanni muna kai da kawowa a kan ruwa kamar mai huɗa, mu tsaya mu auna, mu matsa mu auna, Sarkin Awo yana ɗiga lambobi a taswira. Da ɗigon ya yi yawa sai ya haɗa su da layi, sai ga surar ƙasa ta fito.

In ka baro tudu, ƙasan ruwan a shimfiɗe yake, yana sauka a hankali kamar hanyar fadama, yashi ne da ɓawon kifi. Haka za a yi ta tafiya har zurfin ya kai wajen gaba ɗari. Daga nan sai ƙasar ta karye, ta yi gangare mai tsawo, kamar ka tsaya a kan Dala ka dubi gindinsa, sai dai wannan a jera Dala da yawa a kan juna ba a kamo shi ba. A jikin gangaren akwai kwazazzabai, wani daidai bakin kogi, kamar inda ruwan damina ya yanke gona. A gindinsa kuma sai fili, shimfiɗaɗɗe, mai taushi, ya tafi iyakar inda muka auna. Nan da can akwai duwatsu a tsaye da ba su taɓa leƙo kan ruwa ba. Na zana miki duka a bayan takardar nan yadda na gani a taswirarsu.

Da takardarki ta farko ta same ni na kasa cin abinci. Na sa Bayaraben nan ya yi mini tafinta, na gaya wa Sarkin Awo halin da Gwaggo take ciki. Ya ɗauko taswira, ya nuna mini wata 'yar alama. Ashe ranar da muka sa Gana a ruwa, shi Sarkin Awo ya auna rana ya ɗiga wurin, haka al'adarsu take. Ya ce shi ma yana da tsohuwa a gida, kuma dama wurin yana cikin inda ba su auna ba. Da jirgi ya biyo ta nan ya sa aka tsaya.

Karo na farko zaren ya tsinke, ƙarfe ya tafi da bututu. Zuciyata ta tsinke tare da shi. Aka ɗaura wani, Sarkin Awo ya ce ni zan riƙe birkin gangar. Na yi bisimilla na saki. Ganga tana juyawa tana juyawa, ina ta salati, har na fara cewa ko Baba Dabo ne mai gaskiya. Sai kawai ta yi sanyi ta tsaya. Na ji a tafin hannuna, yadda mai jan ruwa yake ji in guga ya zauna. Gaba dubu biyu da 'yan kai. Na yi kabbara, Banufe ya amsa, har arnan jirgin suka yi ta buga ƙafa suna taya mu. Da aka jawo, bututu cike yake taf. Sarkin Awo ya ɗebi nasa na aiki, ya juye mini sauran a hannu. Da sanyinsa ya fito kamar daga gindin randa.

Ba zan ce daga kan kabarinsa daidai aka ɗebo ba, ruwa ba shi da dutsen alama. Amma daga filin da yake kwance ne, can gindin gangare inda ba igiyar ruwa ba iska. Na kuma lura da daɗewar da ƙarfe yake yi kafin ya isa, bai kai dahuwar tukunyar wake ba. Mun saki Gana bayan azahar da dalma a ƙafarsa. Gwaggo, kafin mu yi alwalar la'asar ya riga ya kwanta.

Ba zan iya ƙaro muku ba, jirgi ya gama da wannan yanki. Abin da ya rage a jakar shi ke nan. Ki kula da shi, Bintu, ko da ɗan cikin zai yi fushi. Wassalam.

Zakirai, watan Takutaha, 1304

Daga Bintu zuwa ga Kashim ɗan Umara, wanda yau kaɗai zan yarda ya fi ni. Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba. An gama kaka lafiya, rumbuna sun cika. Na sauka, an sami mace, sunanta Asama'u, ƙatuwa da ita, maigidana ya ce ba mamaki tunda ƙasar teku ta ci tun tana ciki.

Takardarka ta iso a bushe. Na yi yadda ka ce, na tara mutane a tsakar gida na karanta da kaina. Da na zo wurin da ka ce ba magani ba ne, mata suka rufe baki, Malam Iliyasu ya sunkuyar da kai yana murmushi, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa tana ji har na kai ƙarshe, sannan ta ce ba ta gane zancen gangaren ba.

Maigidana ya karɓi takardar ya juya bayanta, ya daɗe yana kallon zanenka. Ya tashi ya ɗauko babban kaskon da muke jiƙa gero, ya kwaɓa yumɓu, ya gina abin a ciki: shimfiɗar kusa da tudu, da inda ta karye, da gangaren har da kwazazzabonsa, da filin ƙasa, ya dasa 'yan duwatsu biyu. Ya bar shi ya sha rana, washegari ya cika shi da ruwan rijiya mai laka har komai ya ɓace. Ya ce, “Inna, ga teku. Miƙo hannu.”

Ta tura hannun cikin ruwan. Ta bi shimfiɗar da yatsu, ta zo bakin gangare ta tsaya, sannan ta gangara a hankali har tafin hannunta ya zauna a fili. Ta daɗe a haka. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro tsakuwar da za ta kai rijiya, ta saka daidai wurin. Duk muka ji ƙarar zamanta a gindin kasko.

Ta ce, “Kafin la'asar ya ce?”

Na ce, “Kafin la'asar, Inna.”

Ta ce, “Ashe tun ranar ya kwanta. Ni ce ban kwanta ba.”

Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun zuwan takardarka ta farko, mu ma muka taya ta. Da ta share ido ta ce yunwa take ji. Kashim, na ga uwata ta cinye malmalar tuwo guda da miyar kuka, ta ce a ƙaro man shanu. 

Labari ya bazu. Kwana da kwanaki mutane suna zuwa ganin kaskon, har daga Gabasawa da Gezawa, kowa sai ya naɗe hannun riga ya laluba gangare. Inna ce mai yi musu bayani yanzu, tana nuna musu inda ake karyewa da inda ɗanta yake, kamar ita ta riƙe birkin. Tsoho Dabo ya zo ya laluba ya ce to, ya yarda wannan tekun tana da ƙasa, amma ta mahajjacinsa daban ce. Inna ta ce masa in ya je ya auno ya kawo mata ta ɗanɗana.

An yi sadakar arba'in ɗin Gana ran Juma'a, waina da gumba, unguwa duk ta ci. Ƙasar da ta rage, wadda Allah Ya tserar daga bakina, Inna ta raba ta biyu. Rabi ta ba maigidana ya kai maƙabarta ya zuba a gefen kabarin mahaifinmu. Rabin ta ƙulle a bakin zane, inda tsakuwa take zama a da, ta ce ranar da aka kai ta a sa mata a ƙarƙashin kai. Na nemi gafararta kan abin da na ci. Ta ce ba komai, ita ma ta sha, ai ni da Gana duk daga cikinta muka fito.

Yau da safe ta fita da sandarta, ta tsaya a kan jakuna ana ɗora mangalar taki, ta raka su har gonar bakin kuka. Ta ce shekara biyu gonar tana hutawa, bana gero zai yi kyau, kuma kai za ka shuka ta. Kana tambayar da wane ido za ka shigo Zakirai. Ta ce in gaya maka ka shigo da rana tsaka, ta babbar hanya, kafin ruwan farko ya sauka. Wassalam.